Tarin Balkisu Da Ajin Da Aka Toshe Wa Tagogi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta kuma bai hana magani ba. Sunana Hauwa'u, ɗinki nake yi a cikin gida a Tudun Wada, nan Sakkwato. Tunda aka sallamo ɗiyata Balkisu daga asibiti, duk matar da ta kawo mini ɗinki sai ta tambaye ni abin da ya same ta. Wasu don tausayi suke tambaya, wasu kuma so suke su ji ko abin da ake faɗi a unguwa gaskiya ne. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk mai ɗa a makaranta ya daure ya karanta har ƙarshe.

Balkisu shekararta takwas, ita ce ta uku a cikin 'ya'yana. Yarinya ce mai ƙiriniya, ba ta san zama wuri ɗaya ba, kuma tunda na yaye ta ban taɓa kwana asibiti dominta ba. Bara, da aka koma bayan dogon hutu, ta shiga aji uku a wata makarantar kuɗi da ke bayan layinmu.

A mako na biyu da komawa ta fara dawowa da busasshen tari, idanunta jajur. Tana ajiye jaka sai ta kwanta a tabarma ta ce kanta na sara. Na ce zafi ne, don ƙarshen damina ne, garin ya yi gumi. Na kai ta kemis. Mai kemis bai ko taɓa goshinta ba, ya ba mu ruwan maganin tari da na zazzaɓin sauro. Ta shanye su tas, tari yana nan.

A mako na uku na lura da wani abu. Ranar Asabar tarin yakan lafa. Lahadi kuwa sai ka gan ta a tsakar gida tana tsallen igiya kamar ba ita ba. Litinin da yamma sai a koma gidan jiya. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na zarge ta. An sauya musu malama, na ɗauka sabuwar ce mai tsanani, yarinya take neman hanyar gudu.

Wata Litinin da safe ta ƙi sa rigar makaranta. Ta ce, "Mama, ba ni zuwa. Ajinmu shaƙe ni yake yi."

Na ce, "Jiya wa na gani yana tsalle har magariba? Ciwon naki ya san ranar Litinin ke nan?"

"Wallahi Mama..."

Ban bari ta ƙarasa ba na kai mata duka a baya, na sa mata rigar da kaina, na raka ta har ƙofar makaranta. Da bakinta ta gaya mini inda cutar take, ban ji ba.

A mako na huɗu ƙirjinta ya fara wani sauti kamar ana busa usur. Surukata Inna ta zo daga ƙauye wajen Kware don ta duba ta. Ta sa kunne a bayan yarinyar, ta ɗago ta dube ni.

"Yarinyag ga baki na. Ta ɗauko na ɗaya bara, kin bi gida-gida kina nuna takarda. Mi kike zato? Wa kinka ba ɗinkin kayanta? Wa ka shigowa gidan ga?"

Na ce ni nake ɗinka mata kayanta. Amma maganar ta shige ni. Na fara lissafa matan da suka yaba ta, da wadda ta taɓa shafa mata kai, da maƙwabciyar da ɗiyarta ta zo ta ƙarshe a aji. Har gaisuwa na rage da wasu bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Inna ta zo da saiwoyi da ƙaro. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa su, ta lulluɓe Balkisu da zane don hayaƙin ya shige ta. Ba a yi minti biyu ba yarinya ta fizge zanen ta faɗo waje tana neman numfashi, jijiyoyin wuyanta a miƙe. Inna ta ce abin ne yake fita. Ni dai na ɗauke kaskon na kai bayan gida, na ce garwashin ya mutu. Allah Ya saka wa Inna, da zuciya ɗaya ta yi, kuma ita ta riƙe mini gida duk tsawon jinyar. Amma hayaƙin nan ya kusa kashe mini ɗiya.

Daga nan zargina ya koma kan maigida, Malam Umaru. Direban tirela ne, siminti yake ɗaukowa daga Kalambaina, kullum yakan dawo fari fat har gashin ido. Na ce masa ƙurar kayansa ce take sa ta tari. Bai yi musu ba. Ya koma tuɓe kayan aiki a zaure, ya yi wanka kafin ya shigo, ya daina ɗaukar Balkisu in ta rugo tarbarsa. Na ga abin yana cin sa, na yi kamar ban gani ba. Sai aka tura shi kudu da kaya, ya yi kwana goma sha ɗaya ba ya gari. Tarin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi.

Mako na shida muka tafi asibitin gwamnati. Muna idar da sallar asuba muka hau Keke, amma mun tarar da layi ya kai bakin ƙofa. Mai ba da kati yana ta shigar da waɗanda ya sani ta gefe, in ka yi magana ya ce ma'aikata ne. Sai bayan azahar muka ga likita. Ya saurari ƙirjinta, ya rubuta hoton ƙirji da gwajin kaki, ya ce a duba ko tibi ne. Injin hoton asibitin wai ya lalace, aka kwatanta mana wani shago a waje. Har yau ban sani ba ko da gaske ya lalace. Kwasar adashena da na yi niyyar sayen sabon keken ɗinki da ita, nan ta fara zurarewa.

Ban san wanda ya kai labari unguwa ba. Kafin sakamako ya fito, an riga an yanke cewa ɗiyar Hauwa'u mai ɗinki tibi gare ta. Yaran da ke cika mana tsakar gida suka ɗauke ƙafa. Wata ta aiko a karɓar mata atamfarta tun ban yanka ba. Balkisu ta tambaye ni me ya sa ƙawarta ta daina zuwa, na ce ta yi tafiya.

Sakamako ya fito ba tibi. Wannan karon wata likita muka samu, matashiya, daga jin Hausarta 'yar Kano ce. Ta ce asma ce. Ta rubuta mana inhela, wato ɗan abin nan da ake fesawa a baki a shaƙa, ta nuna wa Balkisu yadda za ta yi. Sannan ta jera mini tambayoyi. Da me nake girki? Na ce gas. Muna kunna maganin sauro mai hayaƙi? Na ce gidan sauro muke shiga. Akwai mai asma a dangi? Babu. Ta ajiye biro ta ce, "To a ina take wuni? Maganin nan zai buɗe mata ƙirji, amma in kika mayar da ita wurin da ta shaƙo abin, zai sake rufewa."

Na ce makaranta kawai take zuwa. Layi ya yi tsawo a bayanmu, aka kira na gaba. A hanya na ce a raina likitocin nan ba su rasa abin faɗi, makarantar da muke biya kuɗi, mai fenti da tuta a ƙofa, me za a shaƙa a ciki? Inna kuwa da ta ga inhela cewa ta yi, "Kak ki saba mata da wanga abu. Wanda duk ya hwara shi, ba shi rabuwa da shi." Ni ma na tsorata. Na ɓoye shi a durowar keke, ban sa mata a jaka ba. Kada kowa ya yi irin wannan kuskuren nawa.

Ranar Laraba ta mako na takwas, wajen sha biyun rana, aka kira ni daga makaranta. Na fita da mayafi a hannu. Na tarar da ita a bakin ƙofa a kan benci, malamarsu tana riƙe da ita. Leɓunanta sun yi duhu, kafaɗunta na hawa da sauka, ko "Mama" ta kasa cewa. Na ce ina jakarta, in shiga in ɗauko. Maigadi ya tare ƙofa ya ce Darakta, wato mai makarantar, ya hana iyaye shiga lokacin karatu, za a aiko da ita. A ruɗen da nake ciki ban tsaya ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

A ɗakin gaggawa wata nas mai suna Sista Rabi ta karɓe ta daga hannuna ba ta ko tambayi kati ba. Ta sa mata oksijin, ta haɗa wani inji mai fitar da tururin magani ta rufa mata a hanci. Allah Ya ba matar nan Aljanna. Wadda ta canje ta da yamma kuwa sai da na kira ta sau huɗu tana kan waya. Kwana uku muka yi. Maigida ya sayar da tunkiyar da muke kiwo don layya.

A kwana na biyu da ta samu ta yi magana, na riƙe hannunta na ce, "Balkisu, ki yafe mini dukan da na yi miki. Gaskiya kika faɗa."

Ta ce, "Mama, ai ba ni kaɗai ba ce. In anka tada janareto kowa tari yake. Malama ma."

Da la'asar ɗin ranar sai ga malamar ta zo dubiya da lemo a leda. Sunanta Malama Luba. Ita ce na yi ta zargi da tsanani, sai na ga wata siririyar baiwar Allah, muryarta a dishe, tana magana tana gyaran murya. Ko da ta zauna ban sake da ita ba, na ɗauka Darakta ya turo ta ta ji abin da muke cewa. Ta yi ta juya ledar a hannu. Da za ta tafi ta ce in raka ta. A baranda ta waiga hagu da dama, ta rage murya.

"Maman Balkisu, ki taho ki ga ajin da idonki. Ran Juma'a, in Darakta ya tahi masallaci, maigadi ma tahiya yake. Ni zan tsaya. Don Allah kada ki ce ni na ce."

Ranar Juma'a na je. Ta bi da ni ta bayan ofis, muka wuce azuzuwan gaba masu kyau waɗanda ake nuna wa iyaye ranar rajista, muka shiga wani lungu. Ashe aji ukun tsohon sito ne. Ɗalibai sun yi yawa, aka kwashe kaya aka zuba benci. Tagogi biyu ne da shi a da, an toshe su da bulo tun lokacin da ɓarayi suka shiga, ga shatarsu nan a bango. Abin da ya rage wata 'yar kafa ce can sama, tafin hannu biyu. Ta ce in taka benci in leƙa. Na leƙa. Janareton makaranta ne a gindin bangon, bakin salansarsa yana kallon kafar, bangon ya yi baƙi ƙirin. Gefensa ramin da ake ƙona shara.

Na sauko na dubi sama. Silin ya sha ruwan damina ya yi baƙin tabo, wani wuri ya yi furfura. Fanka ɗaya ce, ta mutu. Daɓen ya farfashe ya koma gari, kuma yaran ne suke share shi kowace safiya a bushe. Ga garin alli a kan komai.

"Su nawa ne a nan?"

"Hamsin da huɗu. Kuma rufe ƙofa muke, don ƙarar janareto ba ta bari su ji ni. Sau uku ina gaya ma Darakta. Ya ce in ban iya ba, akwai masu jiran aikin."

Na ce ta rufe ƙofar. Ba yara, ba janareto, amma kafin in ƙirga ɗari na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi, gumi yana bin bayana. A nan ɗiyata take zama tun safe har azahar.

Litinin muka je wurin Darakta ni da maigida. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ofishinsa har da na'urar sanyaya ɗaki. Da maigida ya faɗi abin da ya kawo mu, sai fara'ar ta ragu.

"Wa ya kai ku ajin?"

Na ce, "Ƙafata."

Ya ce asma gado ce, mu bincika danginmu. Ya dubi maigida ya ce, "Kai da ke aikin siminti, ba ka duba gidanka ba sai makarantata?" Da ya ga ba mu motsa ba, sai ya sauya murya. Ya ce Balkisu ɗiyarsa ce, ya yafe mata kuɗin zango mai zuwa, za a mayar da ita ajin gaba mai taga, maganar ta tsaya a ofishin nan.

Ba zan ɓoye ba, na so in karɓa, don jinya ta cinye mu. Maigida ne ya ce, "Alhaji, sauran hamsin da ukun hwa? Su ba ɗiyan mutane ba ne?" Ya tashi, na bi shi.

Na ajiye ɗinki na shiga gidajen iyayen 'yan ajin, Balkisu tana kwatanta mini. Ban sha da daɗi ba. Wata ta tsaya daga nesa da mayafi a hanci, har lokacin tibi take zato. Wata ta ce ta ji an ce ƙanena zai buɗe makaranta, shi ya sa nake ɓata ta mutane. Ba ni da ƙane ko ɗaya. Amma a gida bakwai na samu yaro mai tari ko ciwon kai ko jan ido, kuma kowace uwa da abin da take zargi: ruwan sanyi, ƙosan bakin hanya, maƙwabta. Tambaya ɗaya nake yi musu, yaya yaron yake ranar Lahadi? Kowace sai ta ce ranar nan lafiya lau yake wuni.

A taron iyaye da malamai na wannan zangon mutane sun cika fiye da yadda aka saba. Darakta ya yi ta jawabi a kan kuɗin jarrabawa. Wani dattijo mai sayar da hatsi, jikarsa tana ajin, ya miƙe ya ce, "Alhaji, ba jawabi munka zo ji ba. A kai mu aji uku, a tada janareto, a ruhe ƙohwa, mu zauna da kai minti goma." Darakta ya so ya kauce, mutane suka miƙe gaba ɗaya. An shiga, an tada, an rufe. Ba a kai minti biyar ba Darakta da kansa ya buɗe ƙofar.

A hutun ƙarshen zango aka fasa bulon aka sa tagogi masu ƙarfe da raga. Aka mayar da janareto can ƙarshen fili, aka daina ƙona shara a cikin makaranta, aka sauya silin. Iyaye suka haɗa hannu aka sake daɓe, maigida ya kawo siminti buhu huɗu. Aka raba ajin biyu. Aka ce a riƙa yayyafa ruwa kafin shara, kuma a yi ta kafin yara su shiga. Duk aikin bai wuce kwana tara ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, kwana tara.

Da aka koma bayan hutu babu Malama Luba. Aka ce rage ma'aikata aka yi, amma ita kaɗai aka rage, kuma ban taɓa faɗin sunanta ga kowa ba. Na nemi gidansu na je, kunya ta hana ni haɗa ido da ita. Ta yi dariya ta ce, "Ki ji muryata, ta dawo." Yanzu yara take koya wa karatu a zauren gidansu da yamma, abin da take samu bai kai rabin albashinta ba. Na kai maganarta wurin shugaban iyaye, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Balkisu ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma ba ta koma yadda take ba. Likita ta ce ƙirjin da ya riga ya kamu sai a hankali. Inhela yana cikin jakarta kullum, ta iya amfani da shi, kuma wata uku ke nan ba ta buƙace shi ba. Na gode wa Sista Rabi da likitar nan 'yar Kano da ban riƙe sunanta ba, da Inna, da duk wanda ya zo dubiya ko ya yi addu'a. Waɗanda na zarga ba da hakki ba, na bi su na nemi gafara. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya.

Mun cire Balkisu daga makarantar duk da gyaran, don na kasa haɗa ido da Darakta. Watan jiya na je yi mata rajista a wata, ita da ƙanenta Habu da zai shiga aji ɗaya. Hedimasta ya nuna mini takardun sakamako da kofunan da suka ciyo a musabaƙa, ya miƙo fom. Na ce sai na ga azuzuwan da za su zauna. Ya nuna mini wani na kusa da ofis ta taga. Na ce ba wannan ba, nasu. Ya ce wancan yana can baya, kuma makullin yana wurin wani malami da ya fita.

Na gyara zama na ce zan jira.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?"

Na ce, "Ban yarda ba tukuna, Malam. A nemo makullin."